Sanƙarau a Tsakiyar Damina

Nobila Ilbudo ya yi shekara ashirin da shida yana shela a kasuwar Gonsin, kuma in ka tambaye shi zai gaya maka da bakinsa cewa a cikinsu babu ranar da ya yi shiru ya saurari wani har ƙarshe. Bai yi makaranta ba. Ko sunansa aka rubuta a bango, wucewa zai yi bai san da shi ake ba. Amma Allah ya ba shi kai mai riƙe magana. Kasuwarmu duk bayan kwana uku take ci, to ranar kasuwa da safe sai masu saƙo su taru a ƙofar gidansa: wakilin Naba, sarkin garinmu, da maganar gyaran hanya, mai akuyar da ta ɓace, dangin mamaci da ranar makoki, sai Majo, babban ma'aikacin asibitin gari, da ranar awon jarirai. Kowa sau ɗaya yake faɗin tasa. Nobila ya gyaɗa kai, ya kurɓi ruwan garin gero, ya rataya lasifikarsa ta hannu, ya je gindin tsamiyar 'yan goro ya zazzage su ɗaya bayan ɗaya, har da launin ƙafar akuyar. Abin da yake taƙama da shi ke nan a duniya, kuma ba shi da wani. Gona dai yana da ita, amma matarsa Tipoko ta fi shi sanin inda iyakarta take.

Mu mutanen wannan yanki akwai abu ɗaya da muke ganin mun fi likita sani, wato sanƙarau. Babu gidan da bai binne wani saboda shi ba. Mun san yakan zo da zafin bazara, ya kama mutum da safe, wuya ya sandare, kafin kwana uku an gama. Ruwan farko na sauka sai ya tattara ya tafi. Nobila kuwa shi ne babban malaminmu a wannan fanni. Duk shekarar da aka kawo allurar rigakafi, shi ke fara naɗe hannun riga a gaban jama'a don tsofaffin mata su ga ba ta kisa. Majo ya sha gaya masa cewa shekarunsa sun wuce na waɗanda ake nema, shi kuma ya ce, "Soka kawai, Majo, idon mutane na kanmu." Da lissafinsa sau bakwai aka soke shi, har yana cewa ko sanƙarau ya gan shi a hanya sai ya ratse daji.

Bai tsaya nan ba. Saƙon da Majo ke ba shi yakan yi masa gajarta, don haka ya ƙara masa wutsiya daga cikin kansa: "Jama'a, ciwon kan da ya kwana huɗu bai kashe ka ba, ba sanƙarau ba ne! Je ka sha maganin zazzaɓi ka bar tayar wa mutane hankali!" Ba wanda ya aike shi da wannan. Daɗin faɗi kawai ta yi masa, mu kuma ta yi mana daɗin ji, muka haddace ta har muna koya wa 'ya'yanmu.

Nasa ciwon kan a watan takwas ya fara, ana tsakiyar damina, gero ya kai ƙugu. Bai zo da ƙarfi ba. Ji yake kamar ya sa hular da ta yi masa kaɗan, ga ɗan zazzaɓi da yamma. Majo ya auna jininsa ya samu zazzaɓin sauro, wanda a watan takwas ko jakin gidanku aka auna sai an samu. Ya sha magani, ciwon kai bai motsa ba. Mako biyu, mako uku. Ya daina cin tuwo sai ya taɓa miya ya janye hannu. Ya wuce rumfar masu burkutu bai ko waiwaya ba. Abin da ya tsorata Tipoko ma ba ramar ba ce, shirun ne, don tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa jin kukan kaji da rana ba sai a wannan makon.

Majo ya zo har gida ya ce, "Baba Nobila, abin nan ba ya yi mini kyau. Ka tafi asibitin Yako a duba ka. Ina tsoron ko ciwon ya taɓa kai."

Nobila ya tashi zaune, ya dubi maƙwabtan da suka zo gaishe shi. "Ku ji fa. Sanƙarau yake nufi, yana jin kunyar faɗi. Majo, wane wata muke?"

"Watan tara ya kama."

"Ka taɓa ganin sanƙarau da laima? Kwana nawa ina ciwo?"

"Ashirin da wani abu."

"To na mutu ne ban sani ba?" Ya sunkuyar da kai don ya dangana haɓa da ƙirji, irin gwajin da shi kansa ya koya wa gari. Haɓar ta tsaya a hanya, saura kamar yatsa biyu. Ya ɗaga ƙirjin ya tarye ta. Maƙwabta suka yi dariya suka ce ai malam ya fi ɗalibi, Majo ya ɗauki jakarsa ya fita. Ina cikin waɗanda suka yi dariyar.

A mako na biyar idonsa na hagu ya karkace ya koma wajen hanci. Komai ya zama biyu. Ya tashi zai fita sai ya ga ƙofa biyu, ya tsaya ya yi shawara, ya zaɓi wadda babu. Tipoko ta same shi zaune a ƙasa goshi ya kumbura, yana kiran sunan wansa Kudbi wanda ya rasu shekara biyu da suka wuce. Ba ta sake neman izinin kowa ba. Ta kira ƙaninsa, suka shimfiɗa shi a bayan babur mai ƙafa uku a kan buhunan wake, sai Yako. Can aka dube shi sau ɗaya aka ce su wuce Wagadugu.

A babban asibiti wani likita matashi ya ce sai an ɗebi ruwa daga ƙashin bayansa kafin a san abin da ke kansa. Nobila a lokacin hankalinsa zuwa yake yana komawa, bai san ranar da ake ba, bai san garin da yake ba, amma wannan maganar ta same shi a farke. A wurinmu kowa ya san wanda aka ɗebi ruwan bayansa ba ya komowa gida da ƙafarsa. Ba mu taɓa tsayawa mun lura cewa sai mutum ya kusa mutuwa muke kai shi ba. Ya manne bayansa da katifa ya ce a yanka shi ya fi. Tipoko ta ce ba za ta sa hannu a kan abin da mai bayan ya ƙi ba. Likita ya yi bayani da Faransanci, ya yi da yarenmu, har ya zana hoto a takarda. Yini guda ya tafi a haka.

Washegari da hantsi wata ma'aikaciyar jinya ta shigo, gajeriya, ta kusa ritaya, ana ce mata Madam Drabo. Ta karanta sunan da ke jikin gado, ta riƙe ƙugu. 'Yar ƙabilar Samo ce, kuma tsakanin Samo da mu Mosi wasan taubasantaka ne tun kaka da kakanni: ba gaisuwa sai zagi, ba kuma wanda ke da ikon yin fushi.

"Wa ya kwaso mini wannan tsohon bawan ya shimfiɗa a kan zanen gadona mai tsabta?"

Nobila ya buɗe idon da ke aiki. "Ji muryar masu cin kare. Ke kuma wa ya ara miki farar riga?"

"Rufe mini baki, uwargijiyarka ke magana. An ce ka hana a taɓa bayanka. Bayan naka ne? Kakana ya saye shi tun ba a haifi ubanka ba."

"In aka ɗebi ruwan nan ba na tashi."

"Yanzu da ba a ɗiba ba rawa kake yi? Kai, Mosi dai ba su da kai, shi ya sa nake mamakin abin da ke yi maka ciwo. To saurara. In ka mutu mini a nan, wallahi sai na bi gawarka har ƙauyenku, in shiga ramin in zauna da ƙwaryar burkutuna, in ga ɗan da zai binne ka. Ka kwana uku a rana kana kumbura."

Ya san za ta iya, domin abin da Samo ke yi mana ke nan a makabarta. Dariya ta kama shi, ta soki kansa har hawaye ya zubo. Ya ce, "Tipoko, kin ga masifa ko? Mutum ba zai mutu cikin mutunci ba."

Madam Drabo ta ce, "Ku juya mini shi. Lanƙwashe, bawa, gwiwa a ƙirji."

Ya lanƙwashe. Yakan ce abin da likita da takardarsa suka kasa a yini guda, zagi ya yi shi kafin shayi ya huce, kuma daga nan ya san irin mutumin da yake.

Da aka gama ya ce a nuna masa kwalbar. Ruwa ne garau kamar na famfo. Nan take ƙarfinsa ya dawo, don Majo ya taɓa gaya masa cewa ruwan mai sanƙarau gurɓatacce ne kamar ruwan gari. Ya ce, "Ba na faɗa ba? A kira Majo a waya! A gaya masa tas yake!" Likitan bai yi dariya ba. Ya ɗaga kwalbar a haske, sannan ya tambayi Tipoko ko akwai wanda ya yi doguwar jinyar tari a gidansu. Ta ce Kudbi, wan mijinta. Wata biyar yana tari har da jini, kuma Nobila ne ya yi jinyarsa a ɗaki ɗaya, ƙofa a rufe don kada iska ta shiga ta ƙara masa.

Likita ya zauna a bakin gado ya ce sanƙarau ne, amma ba irin wanda muka sani ba. Ƙwayar tarin fuka ce. Takan shiga jiki ta kwanta shekara da shekaru, wani ta tashi masa a huhu, wani ta hau masa rigar ƙwaƙwalwa. Ba ta san bazara ba, ba ta san damina ba, ba ta sauri, kuma alluran nan bakwai ba don ita aka yi su ba. Ya ce sauran gwajin zai ɗauki lokaci, amma ba zai jira ba, yau za a fara magani. Nobila ya ce, "Wato shekara ashirin da shida ina tsare ƙofar gari da lasifika, ta baya ya shigo." Madam Drabo ta ce ai dama tsaron Mosi ke nan.

Mako shida ya yi a kwance. Magani iri huɗu kowace safiya kafin a ci komai, da wani na biyar don rage kumburin kai. Kwana na farko ya ga fitsarinsa ya yi ja kamar manja, ya ta da ɗaki da ihu cewa jininsa ke zuba, sai da aka rantse masa aikin ƙwayar ne. Na biyar ɗin kuwa ya buɗe masa ciki ya hura masa kumatu, har ya riƙa bin kwanon Tipoko da ido. Mutumin da ke gadon kusa da shi, wani direba daga garin Kaya, ciwonsu ɗaya, amma an kawo shi ba ya magana, kuma bai sake yi ba. Ranar da aka naɗe katifar direban Nobila bai yi wa kowa wasa ba. Ya tambayi likita, da ya zo tun lokacin da Majo ya ce fa? Likita ya ce ba ya son yin alkawarin abin da ya wuce, amma waɗanda suka zo da ƙafarsu suna magana daidai, yawancinsu haka suke komawa.

Ya dawo Gonsin da fuska kamar ta jariri, mutane suna cewa asibiti ya karɓe shi. Aka auna duk mutanen gidan, aka samu ba wanda ya kamu. Magani kuwa sai shekara ta cika cif, ba tsallake ko rana ɗaya, ba burkutu ko na ɗanɗano. Tipoko ke miƙa masa ƙwayoyin da hannunta, ta tsaya sai ya buɗe baki ta gani. Bayan wata biyu aka rage su zuwa iri biyu. Ido ya koma wurinsa. Ƙafar hagu ta ɗan riƙa jan ƙasa, ya ce wannan ba komai, ba da ƙafa ake shela ba.

Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne kansa ya fara yoyo. Tsohon abu yana nan daram. Zai iya maimaita maka shelar da ya yi shekarar fari, har da sunan wanda saniyarsa ta faɗa rijiya. Amma sabuwar magana ba ta zama. Tipoko ta aike shi karɓo gishiri a maƙwabta, ya dawo da labari babu gishiri. Ta gani, ta je ta karɓo da kanta. A wannan lokaci Rasmane mai gyaran rediyo ne ke riƙe da lasifika, yana rubuta saƙonni a takarda yana karantawa. Duk ranar kasuwa Nobila na zaune a ƙofar gida yana jiyo shi yana tsaki. Yakan ce, "Ji shi. Shela yake ko gafara yake nema?"

A wata na takwas da fara magani ya ce a kawo masa lasifikarsa. Tipoko ta ce, "Maigida, ka bari shekarar ta cika mana."

"In bari har su saba da wancan mai karatun wasiƙa?"

"To in tsaya a bayanka, ko da za ka..."

"Ko da zan me? Faɗi mana."

Ta je ta karɓo masa lasifikar.

Ranar da ya koma shela, saƙo uku ne kacal. Akwai gyaran famfon makaranta, akwai ranar awon jarirai, sannan Yamba maƙeri ya zo da kansa ya ce wansa Wambi ya rasu, za a binne shi gobe da safe. Nobila ya gyaɗa kai yadda ya saba. Da ya tsaya a gindin tsamiya kasuwa ta ɗauki guɗa, mata suna buga faranti. Ya fara da abin da ba wanda ya aike shi, amma wannan karon gaskiya ce. Ya ce, "Jama'a, maganar nan ta kwana huɗu da na koya muku, ku zubar da ita. Ƙarya ce, ni na ƙera ta. Ciwon kai in ya ƙi tafiya, ko ruwan sama ake kamar da bakin ƙwarya, ku je a duba. Wanda ke son hujja ya dubi ƙafata." Aka yi dariya, aka tafa. Daɗi ya kama shi, murya ta buɗe. Ya faɗi famfo, ya faɗi awo, ya sassauta murya yadda ake yi wa mutuwa ya ce Yamba maƙeri ya riga mu gidan gaskiya, za a binne shi gobe da safe.

Yamba ba ya kasuwa, yana gida wajen gawa. Waɗanda suka san gaskiya kaɗan ne, kafin su ankara 'yan kasuwar ƙauyuka sun hau kekuna sun tafi da labarin. Da la'asar mutane suka fara isowa suna tarar da mamacin zaune a kan turmi yana karɓar gaisuwar kansa. Yamba mutum ne mai raha, ya ce ya gode, yau ya ga masu zuwa ya ga waɗanda ba za su zo ba. Gari ya samu abin dariya na shekara.

Sai dai Yamba yana da 'ya, Wendyam, tana aure a wani ƙauye mai nisan tafiyar awa uku, da ciki wata bakwai. A bakin rijiya ta ji. Ba ta koma gida ta ɗauki takalmi ba. Ta iso ƙafafunta suna jini, murya ta dushe, ta ga ubanta tsaye, ta zube. Allah ya kiyaye cikin, amma ta kwana biyu ba ta iya haɗiye ruwa ba. Nobila ya ja ƙafarsa ya je, ya cire hula ya durƙusa a ƙofar ɗakin da take. Ta ce, "Baba Nobila, da wani ne ya faɗa da na tsaya na tambaya. An ce mini kai ka faɗa." Wannan maganar kam ta zauna a kansa, ba ta yoye ba.

Naba bai aiko a karɓi lasifikar ba, don yana jin nauyinsa. Nobila ne ya je da kansa ya ce a ba Rasmane aikin. Naba ya ce to, sai Rasmane ya sanar a kasuwa mai zuwa, tunda a Gonsin abin da ba a yi shelarsa ba bai faru ba. Nobila ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar mini wannan ɗaya. Ba zan zauna a gida in ji an karanto ni daga takarda ba."

Shelar jimla huɗu ce. Kwana tara ya yi yana koyonta, kasuwa biyu suka wuce. Tipoko na daka tana faɗa yana maimaitawa, tana tsince wake tana faɗa yana maimaitawa. Wata rana ya riƙe uku ta huɗun ta gudu, wata rana ya tashi babu ko ɗaya. Ya zagi kansa, ya zagi Samo baki ɗaya, ya ce a sake.

Ranar ya sa rigarsa ta saƙi, ya tsaya inda ya saba. Muryar ta fito yadda muka san ta, har 'yan awaki da ke can ƙarshen kasuwa suka juyo. Ya ce, "Jama'ar Gonsin, Naba na gaishe ku. Daga yau mai saƙo ya kai wa Rasmane ɗan Salfo, shi ne mai shelar gari. Ni Nobila na ajiye, don kaina ba ya riƙe amanarku. Wanda na ɓata wa ya yafe mini." Ko tuntuɓe bai yi ba. Wata tsohuwa mai daddawa ta ce, "To ai ga shi ka warke! Ci gaba da abinka mana!" Wasu suka ɗauka, suna cewa ya ci gaba, ya ci gaba. Ya yi murmushi, ya cire igiyar daga wuyansa ya rataya wa Rasmane, ya nuna masa inda ake bugawa in batir ya yi sanyi.

Suka kama hanyar gida, Tipoko a gaba da ƙwarya a ka, shi a baya yana jan ƙafa. Sun wuce injin niƙa, sun kusa gonar Naba, sai ya tsaya. Ya shafa ƙirjinsa inda lasifikar ke zama, ya waiwaya wajen kasuwa.

"Tipoko."

"Na'am."

"Na faɗa kuwa?"

"Ka faɗa."

"Duka?"

"Duka, maigida. Ba ka bar ko ɗaya ba."

Ya ɗan tsaya yana nema a cikin kansa, bai samu komai ba. Ya ce, "To madalla. Da na so in ji."

Ta rage sauri har ya iso ta, suka ci gaba da tafiya.